Matakan Girma da Hayayyafar Tsutsar Tsargiya: Misalin Gandun Shinkafa na Saga

1. Gabatarwa

A wannan maƙala za mu duba rayuwar Schistosoma haematobium, tsutsar da ke haddasa tsargiya, wato fitsarin jini. Theodor Bilharz ne ya gano ta a Alƙahira a 1851, Robert Leiper kuma ya tabbatar da rawar dodon koɗi a rayuwarta a 1915. Mun ɗauki Saga, a kudu maso gabashin Yamai, a matsayin misali domin ana noman shinkafa sau biyu a shekara a gandunta da ruwan kogin Isa. Magudanan ban ruwa irin waɗannan mazauni ne ga dodon koɗi na jinsin Bulinus.

2. Hayayyafa iri biyu

2.1 A jikin dodon koɗi. Idan ƙwai ya faɗa ruwa tare da fitsari, sai ya ƙyanƙyashe ƴar tsutsa ta farko. Dole ta sami dodon koɗi cikin ƴan awowi, in ba haka ba ta mutu. A jikinsa take yaɗuwa ba tare da barbara ba. Bayan mako 4 zuwa 6, guda ɗaya tak kan haifar da dubban ƴan tsutsa masu wutsiya, waɗanda suka fi fitowa da tsakar rana, lokacin da yara ke wanka.

2.2 A jikin mutum. Mai wutsiyar kan huda fata, ta bi jini har jijiyoyin hanta, inda take balaga. Daga nan namiji ya rungumi macen a cikin wani kwari na jikinsa, su ƙaura zuwa jijiyoyin mafitsara. Ƙwai kan fara fitowa bayan mako 10 zuwa 12, tsutsar kuwa kan rayu shekara 3 zuwa 5.

3. Abin lura

Na farko, tsutsar ba ta ƙaruwa a jikin mutum: yawanta ya danganta ga yawan shiga ruwa. Na biyu, ƙwan da ya maƙale a bangon mafitsara ne ke jawo jini da tabo, har ma da sankara. Na uku, maganin praziquantel ya fi kashe balagaggiyar tsutsa, wadda ba ta kai mako 4 ba kuwa kan tsira.

4. Kammalawa

Nijar ta ƙaddamar da shirin raba magani na ƙasa a 2004. Amma daga bayanin da ya gabata muna ganin magani kaɗai ba ya katse zagayen, tunda majinyaci ɗaya ya isa ya sake gurɓata magudana. Don haka muna ba ɗalibanmu shawarar su ƙidaya dodon koɗi a magudanan Saga wata-wata, damina da rani, domin a daidaita lokacin raba magani da lokacin da kamuwa ta yi ƙasa.