Shanyewar Ɓarin Jiki Ba Ciwon Tsofaffi Kaɗai Ba Ne

Daga Wakilinmu na Arewa

Galibin mutane sun san hawan jini ne ke kawo shanyewar ɓarin jiki, kuma dattawa ya fi kamawa. Don haka in aka wayi gari yaro ɗan shekara 7 bakinsa ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, sai ka ji an ce iska ce ta buge shi, a nufi gidan mai magani. Alhali kuwa abin da ya faru ɗayan biyu ne: ko jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe, ko ta fashe. Abubuwan da ke jawo haka ba duka ne suka shafi tsufa ba.

Ga yara, babban dalili a ƙasar nan shi ne amosanin jini, watau sikila. Ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje, su riƙa lahanta jijiyoyin kai har su tsuke. Wani bincike da aka buga a Amurka cikin 1998 ya nuna wajen 11 cikin 100 na masu wannan ciwo sukan gamu da shanyewar kafin su cika shekara 20. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini, ta nuna yaron da ke cikin haɗari tun abin bai auku ba. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitoci, wanda aka buga a 2022, ya nuna ƙwayar hydroxyurea, ko da ƙaramin awo ne, tana kare irin waɗannan yara. A ganina duk mai ɗa mai sikila ya kamata ya nemi a yi masa wannan awo.

Sai mata masu jego. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa. Zuciyar da ta raunana jini yakan daskare a cikinta, in gudan ya ɓalle ya hau kai, sai ɓarin jiki ya mutu.

Manoma kuma suna da nasu. Dafin kububuwa, wadda ake wa kirari gobe da nisa, yana hana jini daskarewa, har ya tsiyaya cikin ƙwaƙwalwa. Mutanen Kaltungo a Jihar Gombe sun san wannan maciji sarai.

Akwai kuma wanda ba a ɗauka bakin komai ba: murɗe wuya don a ji ƙas, kamar yadda wasu masu aski ke yi wa mutum bayan sun gama. Jefi-jefi wannan murɗa takan yaga cikin jijiyar wuya, gudan jini ya taru a wurin, bayan awoyi ko kwanaki ya wuce ƙwaƙwalwa.