Carmen a Khayelitsha: Yadda Mawaƙan Unguwar Talakawa Suka Ɗauki Wasan Faransawa Suka Ciwo Zinare

A watan Fabrairun 2005, alƙalan bikin finafinai na birnin Berlin a Jamus suka miƙa babbar kyautarsu, Golden Bear, ga wani fim daga Afirka ta Kudu mai suna U-Carmen eKhayelitsha. Waɗanda suka fito a cikinsa mawaƙa ne na wata ƙaramar ƙungiya a yankin Cape Town, yawancinsu ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Labarin da kiɗan na Faransawa ne, a lokacin sun shekara 130 a duniya. Harshen da aka rera shi kuwa Xhosa ne, harshen Nelson Mandela.

Na san wani zai ce, to mu da ke fama da kuɗin haya da kwastan da canjin sefa, ina ruwanmu da waƙar Turawa? Ni ma 'yar kasuwa ce, atamfa nake sayarwa a Kwatano, kuma ina da 'ya'ya a makarantar Faransanci. Saboda su ne na ga ya dace in kawo muku labarin nan. Ku biyo ni.

Mene ne ofera, wace ce Carmen?

Ofera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi. 'Yan wasa suna kan dandamali da kayan wasa, makaɗa masu goge da sarewa da ƙaho suna zaune a wani rami a gabansu, kusan duk maganar da za a yi da waƙa ake yin ta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a bisa al'ada ba a ba mawaƙi makirufo. Da ƙirjinsa da numfashinsa zai tura murya ta ratsa kiɗan mutum hamsin ko sittin, ta isa kunnen wanda ke kujerar ƙarshe. Shi ya sa koyon sana'ar ke cin shekaru. Kuma kowa da irin muryarsa: akwai mace mai siririyar murya da mai kauri, haka ma maza. Mace mai murya tsaka-tsaki, mai ɗan duhu, ita ke fitowa a Carmen.

Georges Bizet ne ya tsara kiɗan. Henri Meilhac da Ludovic Halévy suka rubuta baitocin, daga wani gajeren labari na Prosper Mérimée na 1845. An fara nuna wasan ranar 3 ga Maris, 1875, a gidan Opéra-Comique da ke Paris.

Labarin a birnin Seville na Sifaniya yake faruwa. Carmen ma'aikaciya ce a kamfanin naɗa taba, 'yar ƙabilar Roma, mace mai tsaurin ido wadda ba ta yarda a juya ta. Ta yi faɗa a wurin aiki ta ji wa wata rauni, aka sa wani kofur, Don José, ya kai ta gidan kaso. Ta yi masa daɗin baki ya sake ta, shi aka ɗaure a madadinta. Daga nan ya bar aikin soja, ya bar Micaëla, yarinyar ƙauyensu da mahaifiyarsa ke so ya aura, ya bi Carmen cikin 'yan fasa-ƙwauri masu ratsa duwatsu da kaya cikin dare. Da zuciyarta ta koma ga Escamillo, gwanin wasa da bijimi, sai José ya tare ta a ƙofar filin wasa. Ya yi magiya ta ƙi, ta jefar masa da zoben da ya ba ta, ya daɓa mata wuƙa.

Mutanen Paris ba su karɓi abin da hannu biyu ba. Gidan wasan nan wuri ne na iyalai, inda har akan haɗa saurayi da budurwa su ga juna a gaban iyaye. Sai ga mata suna busa sigari, ga kisan kai a bainar jama'a. Jaridu da dama suka yi masa ca. Bizet ya rasu ranar 3 ga Yuni, 1875, wata uku cif bayan buɗe wasan, yana ɗan shekara 36. A watan Oktoba na wannan shekarar aka nuna Carmen a Vienna, ta karɓu, daga nan ta zagaye duniya. Mai kayan bai ga ranar cinikin ba.

Ƙungiyar da aka tsinto daga unguwanni

A zamanin wariyar launin fata, ofera a Afirka ta Kudu harkar fararen fata ce. Babban gidan wasan Cape Town, Nico Malan, wanda yanzu ake kira Artscape, da aka buɗe shi a 1971 farare kaɗai ke shiga. Amma waƙa ba ta taɓa yankewa a unguwannin baƙaƙe ba. Kowane coci da rukunin mawaƙansa, makarantu na gasa a tsakaninsu, yaro kan tashi ya iya daidaita muryarsa da ta mutum arba'in tun bai san an ƙirƙiro wani abu wai shi ofera ba.

Wannan rijiya wasu Turawan Ingila biyu suka je ɗiba: Mark Dornford-May, mai ba da umarni, da Charles Hazlewood, mai jagorantar makaɗa. A shekarar 2000 suka zaga unguwanni da ƙauyuka suna sauraron muryoyi. Sama da mutum 1,000 suka gwada, aka ɗauki kimanin 40, kuma ƙalilan ne a cikinsu suka taɓa karatun waƙa a makaranta. Aka raɗa wa ƙungiyar suna Dimpho Di Kopane, wato haɗakar baiwa a harshen Sesotho.

A farkon 2001 suka fito da Carmen a bikin wasanni na Spier, kusa da garin Stellenbosch. Pauline Malefane, 'yar Khayelitsha da ta yi karatun waƙa a Jami'ar Cape Town, cikin 'yan amshi aka fara sa ta. Daga baya aka ɗauko ta aka ba ta matsayin Carmen ɗungurum. A gida masu sharhi ba su yaba ba. Da aka kai wasan Landan a wannan shekarar, a tsohon zauren Wilton's, sai labari ya sha bamban, jaridun can suka yi ta yabo. A 2004 suka je New York. Duk wanda ya taɓa ganin kayansa sun kwanta a kasuwar garinsu, ya tsallaka iyaka suka ƙare kafin la'asar, ya san wannan yanayi.

Aikin mayar da waƙa harshen gida

Da za a yi fim, sai suka yanke shawarar komai a yi shi da Xhosa, kuma a ɗauka a cikin Khayelitsha kanta. Unguwa ce da gwamnatin wariya ta kafa a 1983, kimanin kilomita 30 daga tsakiyar Cape Town. Ma'anar sunan sabon gida, kuma ƙidayar 2011 ta samu kusan mutum 400,000 a cikinta, da yawansu a ɗakunan kwano.

Pauline Malefane da abokiyar aikinta Andiswa Kedama ne suka yi fassarar. Mu Hausawa mun fi kowa sanin nauyin wannan aiki, domin Xhosa ma harshe ne mai karin sauti irin namu. Kukan da yaro ke yi da kukar da ake miya da ita, hawa da saukar murya ne ke raba su. To a ofera Bizet ya riga ya ƙayyade inda murya za ta hau da inda za ta sauka, da gaɓa nawa za ta shiga kowane layi, da inda mawaƙi zai ja numfashi. Dole mai fassara ta nemo kalmar da ta ba da ma'ana, ta cika gaɓoɓin, ta ajiye wasali a inda za a ja murya, kuma kada kiɗa ya murɗe ta ta koma wata kalma. Ga kuma baƙaƙen nan nasu da ake ƙyasta harshe wajen furta su, waɗanda ake rubutawa da c da q da x. Duk da haka kiɗan Bizet ya zauna daram, suka kuma sarƙa masa waƙoƙin gargajiyarsu a wasu wurare.

Mutanen labarin ma an mayar da su 'yan gida. Don José ya koma Jongikhaya, ɗan sanda mai yawan karatun Littafi Mai Tsarki, Andile Tshoni ne ya fito a matsayin. Micaëla ta koma Nomakhaya. Gwanin bijimi ya koma Lulamile Nkomo, mawaƙin da ya yi suna a ƙasar waje ya dawo gida. Bijimin ma bai ɓace ba, an yanka shi ne a bikin tarbarsa bisa al'adar Xhosa. Kamfanin taba yana nan, mashaya tana nan, 'yan sumoga suna nan.

Abin da na gani a falona

Babbar 'yata ce ta kawo mana fim ɗin, bayan malaminsu ya karanta musu labarin Mérimée a aji. Muka zauna da ita da Hajiya, mahaifiyar maigidana. Babu mai jin Xhosa a cikinmu, yarinyar ce ke bin rubutun ƙasa tana mayar mana da Hausa.

Da kyamara ta bi ta lungunan kwano, ga mata da bokiti a bakin famfo, ga akuya a gefen hanya, Hajiya ta gyara zama ta ce, "Ke, wannan ai kamar bayan tasha ne a garinmu." Da aka zo ƙarshe kuwa, shiru ta yi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Yaron nan tun da ya fara bin sawunta yana tambayar ina ta je, na san ba lafiya. Ina manyan unguwar suke?"

Tambayar Hajiya ta tsaya mini a rai. Muddin Carmen na Sifaniya tana waƙa da Faransanci, mutuwarta tatsuniyar Turawa ce, a tafa a tashi. Da ta sa kayan aiki irin na maƙwabciya, ta yi magana da harshen da ake ciniki da shi a bakin titi, sai kisan ya zama irin wanda ake ji a rediyo da safe. Afirka ta Kudu na cikin ƙasashen da suka fi fama da kisan mata a hannun mazajensu da samarinsu, kuma mawaƙan nan sun san haka sarai. Mu ma a zangonninmu mun san kishin da ke farawa da binciken waya, ya wuce zuwa mari, kowa ya kau da kai wai harkar cikin gida ce. Ba na yabon rayuwar Carmen, ba kuma zan so 'yata ta bi ta ba. Amma babu halin mace da ya halatta wa namiji jininta.

Sannan yarinyar ta yi mini tambayar da ta fi damuna. Ta ce, "Umma, ashe ana iya yin irin wannan da yaren gida? Da Hausa fa, zai yiwu?" Yarinya ce da aka haifa a gidan Hausawa, amma a ranta Faransanci ne harshen littafi da manyan abubuwa, Hausa ta aike ce da cinikin tumatir. Ba ita kaɗai ba ce. Daga Lome zuwa Duwala, daga Kumasi zuwa Yawunde, gidaje nawa ne uwa ke tambaya da Hausa ɗa na amsawa da wani harshe?

Ara da hankali

Na gaya mata mun daɗe muna yi. A ƙarshen shekarun 1930 Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu rawani da babbar riga a Magana Jari Ce, har yau yara na karantawa suna zaton a Zariya aka haifi kowane labari. Masu fassara finafinan Indiya a Kano ma irin wannan kasuwar suke ci.

Sai dai aro yana da ladabi. A 2001 Joseph Gaï Ramaka na Senegal ya yi tasa Carmen ɗin, Karmen Geï. Ya sa wata ƙasidar ɗariƙar Muridiyya a wurin jana'izar wata mata a fim ɗin, mabiya suka fusata, aka dakatar da nuna shi a Dakar. Wanda zai kawo kaya daga nesa, sai ya san abin da mutanen gari ke girmamawa.

Su kuwa mutanen Cape Town ba su tsaya nan ba. Malefane da Dornford-May sun ci gaba da wata ƙungiya, Isango Ensemble, wadda ta ɗauki wata ofera ta Mozart ta kaɗa ta da marimba, kayan kiɗan katako ɗan'uwan balafon, ta ci kyautar Olivier a Landan a 2008. Daga ƙasar dai Pretty Yende ta fito, wadda ta fara jin ofera tana 'yar shekara 16 a tallar British Airways a talabijin, wata waƙa daga Lakmé ta Léo Delibes, shi ma Bafaranshe. A 2013 ta hau dandamalin Metropolitan a New York, a 2023 ta yi waƙa a bikin naɗin Sarki Charles na Ingila.

Ga mai son kallon U-Carmen, shawarata ita ce a bari ƙananan yara su kwanta, domin akwai shaye-shaye da tashin hankali. A zauna da matasa, maza da mata, a bar su su fassara wa manya da Hausa, ko da za su yi ta tuntuɓe suna neman kalma. In an gama, a tambayi samarin gidan a wane wuri ne Jongikhaya ya kamata ya haƙura ya juya, a tambayi iyaye a wane wuri ne ya kamata su sa baki. Duk kalmar da yaro ya rasa, kaka tana kusa, ta ba shi.