Kogin da Constable Ya Zana Daga Nesa

A shekarar 1821 mai zane John Constable ya baje wani babban hoto a Landan: amalanke da dawakai cikin ruwa marar zurfi, gida a hagu, kare a bakin gaɓa, gajimare sun cika sama. Shi ne The Hay Wain, wanda yau yake rataye a National Gallery. Mai kallo zai rantse a bakin ruwan aka zauna aka yi shi. Alhali a ɗakin aikinsa na Landan ya zana shi, nesa da kogin Stour da ke cikin hoton, daga ƙananan zane-zanen da ya daɗe yana tarawa.

Ai gida ne yake zanawa. A ƙauyen East Bergholt aka haife shi a 1776, mahaifinsa kuma shi ke da maniƙar Flatford, 'yan taku kaɗan daga gidan manomin da ke cikin hoton. A nan ya yi ƙuruciya, ya san ruɓaɓɓen katako da gansakukar bango kamar yunwar cikinsa. Shi ya sa hoton yake taɓa zuciyar wanda bai taɓa zuwa Ingila ba: kowa yana da wani bakin rafi da ya bari a baya. Ingilawa ba su saya ba a lokacin. Sai a Faris, a 1824, aka ba shi lambar zinariya.

Amma kewa tana da zaɓe. A 1816 da 1822 leburorin gona a wannan yankin sun yi bore saboda yunwa da rashin aiki, har da ƙone tarin amfanin gona. A hoton kuwa masu yankan ciyawa ɗigo-ɗigo ne can nesa, hankali kwance. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. Ɗan mai maniƙa ne ya tuna abin da idonsa ya saba gani, kuma ya kamata mu san da haka idan muna kallo.

Da tarin fuka ya ɗauke matarsa Maria a 1828, ta bar masa 'ya'ya bakwai, sai ya koma kan wani zanen kufai da ya yi tun 1814, lokacin yana neman aurenta. Daga shi ya fitar da Hadleigh Castle a 1829: rusasshiyar hasumiya a bakin kogin Thames, iska na kaɗawa, hadari ya haɗo, makiyayi da karensa a gefe. Shekara goma sha biyar kufan yana cikin littafin zanensa, bai zama babban hoto ba sai da aka yi masa rasuwa.