"Yarinya Ce, Za Ta Manta": Ina Gaskiyar Take?

Idan aka yi wa ƙaramar yarinya fyaɗe, tun kafin a kai ta asibiti maganganu sun cika gida. Wasu na da tushe, da yawa ba su da shi, kuma marasa tushen ne ke sa a yi shiru.

Wadda aka fi ji ita ce, "Yarinya ce, za ta manta." Ba haka ba ne. A 1987 masu bincike biyu a Amurka, Frank Putnam da Penelope Trickett, suka fara bibiyar 'yan matan da wani na gida ya yi wa lalata, suna kwatanta su da tsararrakinsu da abin bai shafa ba, har tsawon shekara 23. Waɗanda aka zalunta sun fi saurin balaga, sun fi fama da ciwon damuwa, sun fi barin makaranta da haihuwa da ƙuruciya, sun kuma fi sake faɗawa hannun wani azzalumin. Ƙaramar yarinya takan rasa yadda za ta faɗa da baki, amma sai a ga wadda ta daina fitsarin kwance ta koma yi, tana firgita cikin barci, ta janye daga ƙawaye, karatunta ya ja baya. Nan ne wasu ke cewa iska ce ta taɓa ta. Addu'a alheri ce, amma ba ta hana uwa ta zaunar da 'yarta, cikin lallashi, ta tambaye ta ko akwai wanda take tsoro.

Ana kuma ɗauka baƙo ne ke yin wannan ɓarna. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Nijeriya ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna mace 1 cikin 4 ta gamu da cin zarafin lalata kafin ta kai shekara 18, kuma akasarin masu yin hakan mutane ne da yaran suka sani. Shi ya sa zancen "da gaske ne da ta faɗa tun ranar" ba ya tsayawa. Ta yaya za ta ambaci sunan wanda take gaisarwa kullum, wanda ya yi mata barazana? A Ostireliya, hukumar binciken lalata da yara da ta kammala aikinta a 2017 ta gano cewa a matsakaici, kusan shekara 24 mutane ke yi kafin su buɗe baki.

"Likita ya duba, bai ga komai ba." Wannan ta wanke masu laifi da yawa, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Wani bincike da aka buga a 2002 kan yara 2,384 da aka duba a Los Anjelis bisa zargin an yi musu lalata ya samu kashi 96 cikin 100 ba su da wata alama a jiki. Wurin yana warkewa da sauri, kuma ba kowace lalata ce ke barin rauni ba. Rashin tabo ba ya ƙaryata yarinya.

Akwai fargabar da ke da gaskiya a cikinta: in magana ta fita, za a tsangwame ta, har a zo ana tuna mata lokacin aure. Wannan yana faruwa, kuma laifinmu ne. Sai dai kare sunan yarinya daban, rufa wa mai laifi asiri daban. Sulhun da ake yi a ƙofar gida yana barin ta tana ganin mutumin kullum a unguwa. Cibiyoyi irin su Waraka a Kano da Salama a Kaduna suna duba irin waɗannan yara cikin sirri, kuma maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 da faruwar abin.

Ita kuwa maganar "shi ke nan, ta lalace," ƙarya ce. Yara da yawa suna farfaɗowa, su yi karatu, su yi aure, su riƙe gidansu. Cikin abubuwan da bincike ya nuna sun fi taimaka musu akwai uwa ko wani babba da ya gaskata yarinyar, ya raba ta da mutumin, ya ce mata ba laifinta ba ne, sannan ya haɗa ta da masanin halayyar ɗan Adam idan firgicin ya ƙi barin ta.