Me Ya Sa Tsohuwar Lee-Enfield Ke Ƙin Tura Harsashi?

Lee-Enfield, bindigar da sojan Birtaniya ya soma riƙewa a 1895, tana hannun maharba da masu tara kayan tarihi har yau. Daga cikin abin da suke kuka da shi akwai gidan harsashinta mai cin 10.

Sau da yawa laifin na lodi ne. Harsashinta na .303 yana da leɓe a gindinsa. Idan leɓen na sama ya faɗa bayan na ƙasa sai su sarƙe, sakata ta cije. Maganinsa a jera su, leɓen kowanne a gaban na ƙarƙashinsa.

In an gyara lodi abin bai daina ba, a sauke harsashi duka, a ciro gidan, a wanke busasshen giris, a duba ko sifirin ya saki. Gidan wata bindigar ma kan jawo cijewa, domin kowace da wanda aka daidaita mata.

Wurin da ake ɓarna shi ne bakin gidan. Ƙarfe ne siriri da ya tsufa, lanƙwasa kaɗan ke lalata shi. Gyaran bakin a bar wa ƙwararren mai gyaran bindiga mai lasisi.