Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Shiga Shafin Da Aka Toshe A Intanet?

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da yadi a Kantin Kwari, Kano. Ya ce: "Zan je Guangzhou saro kaya, karo na farko. An ce da ni can WhatsApp ba ya aiki sai da wani abu wai shi VPN. Duk cinikina da WhatsApp nake yi, da shi kuma nake jin lafiyar iyali. Shin mene ne VPN? Kuma ba zai jawo mini fitina ba?"

AMSA: To Alhaji, mun gode da wannan tambaya, sai ka gyara zama.

Abin da aka gaya maka gaskiya ne. Ƙasar Sin ta toshe Facebook da YouTube tun 2009, ta rufe hanyoyin Google gaba ɗaya a 2014, WhatsApp kuma ya bi sahu a 2017. Kai da ka saba, da ka sauka jirgi ka hau intanet ɗin masauki, sai ka ga saƙo ya ƙi tafiya.

Kafin mu zo kan VPN, bari mu ga yadda ake toshewar, domin sai an san ciwo ake neman magani. Ɗauka intanet gidan waya ne. Duk lokacin da ka taɓa wani shafi, wasiƙa ce ka rubuta, da adireshi a bayan ambulan, ka miƙa wa kamfanin da ya ba ka layi ya kai. To idan hukuma ta ce wa kamfanin nan kada ya kai wasiƙa gidan wane, shi ke nan. Wani lokaci sunan gidan ake gogewa daga littafin adireshi. Wani lokaci kuma a tsaya a bakin hanya ana duba ambulan ɗaya bayan ɗaya, wanda aka ga na gidan ne a jefar.

Aikin VPN shi ne ya ɗauki wasiƙar taka ya saka ta cikin wani ambulan na biyu, ya liƙe da rubutun sirri, ya sa adireshin wata kwamfuta da ke wata ƙasa, a ce Jamus ko Singafo. Mai duba wasiƙu zai ga kana aike Jamus, amma bai san me ke ciki ba. Can sai a buɗe, a kai saƙon inda ka nufa, a dawo maka da amsa ta wannan hanya. Shi ya sa za ka ga waya ta ɗan rage sauri, batir kuma yana saurin ƙarewa. Zagaye ne, kuma zagaye ya fi miƙaƙƙiyar hanya nisa.

Mu ma nan gida mun ɗana. A ranar 4 ga Yuni 2021 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na shugaban. Sai 13 ga Janairu 2022 aka buɗe. A tsakanin nan ne jama'a da dama suka fara jin sunan VPN. Ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce a gurfanar da masu karya umarnin, amma a watan Yuli 2022 kotun ECOWAS ta yanke cewa dakatarwar ce ma ta saɓa wa doka. A Chadi kuwa an toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 har Yuli 2019.

Sai dai fa VPN ba ya maganin komai. Idan layin ne baki ɗaya aka kashe, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumba 2021, ko a Nijar bayan zaɓen Fabrairun shekarar, babu abin da zai yi maka. Gidan wayar ne a kulle, ambulan ko goma ka haɗa ba mai ɗauka.

Yanzu batun fitina. Abu biyu ne, doka da amana.

A Nijeriya babu dokar da ta hana mutum sa VPN a wayarsa, bankuna da manyan kamfanoni ma da shi suke aiki. A Sin kuwa, tun 2017 hukuma ta ce sai wanda ta ba lasisi, kuma an ɗaure waɗansu 'yan ƙasar da aka kama suna sayar da shi. Baƙi da yawa suna amfani da shi, amma wannan bai mai da shi halal a dokarsu ba. Kai baƙo ne, kasuwa ta kai ka. Kada ka sa wa wani ɗan ƙasar a waya, kada kuma ka tsoma baki cikin siyasarsu.

Batun amana shi ya fi damuna. Ka tuna wasiƙar da ka ɓoye wa kamfanin layi, mai VPN ka miƙa wa. Yana ganin ina kake shiga da kuma yaushe. Waɗannan na kyauta da suka cika waya, ka tambayi kanka da me suke biyan ma'aikata. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Waɗansu talla suke cika ka da ita, waɗansu bayananka suke sayarwa. Kada ka karɓi wanda aka turo maka a zauren WhatsApp, ko wanda yaro ya tura maka daga wayarsa. Kuma bankinka na iya hana ka shiga asusu idan ya ga kamar daga wata ƙasa kake, saboda haka kashe VPN kafin ka taɓa harkar kuɗi.

Ga shawarata, Alhaji. Na ɗaya, je ofishin kamfanin layinka ka tambayi farashin tafiya da layin waje. Galibi wanda ke kan layinsa na gida yana samun WhatsApp a Sin ba tare da VPN ba, domin saƙonsa ta gida yake biyowa. Da tsada, amma hankalinka kwance. Na biyu, in ka yanke shawarar sa VPN, sa sananne tun kana Kano ka gwada shi, domin can rumbun Google Play ba ya buɗewa. Tun ran gini, tun ran zane. Ko da ka sa, wata rana zai yi aiki, wata rana ya ƙi, don su ma masu toshewar ba barci suke yi ba. Na uku, buɗe WeChat, ka sa wa Hajiya da yaron shagonka kafin ka tashi. Da shi 'yan kasuwar can ke ciniki, kuma yana aiki daga nan zuwa can. Amma ka sani idon hukumarsu na kansa, sai ka tsaya ga gaisuwa da lissafin kaya. Na huɗu, rubuta lambar masauki da ta dillalinka a takarda ka bar wa gida.

Da fatan ka gamsu, Alhaji. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, ya ba da kasuwa. Sauran masu sauraro da masu karatu, a ci gaba da aiko mana da tambayoyi. Sai wani makon, in Allah ya kai mu.