Daga Dutse Uku zuwa duniya: Aikin kammala karatu da ba zai ƙare a kanta ba

Kowace shekara ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Jos, ciki har da 'ya'yan unguwanni irin su Dutse Uku, kan rubuta aikin kammala karatu, a ɗaure shi, a jera a kanta, ƙura ta lulluɓe shi. Alhali akwai fagen da guminsu zai daɗe yana amfani: buɗaɗɗun manhajojin rubuta littattafan jagora, waɗanda kowa ke da damar gyarawa.

Fitacciya a cikinsu ita ce Sphinx, wadda Georg Brandl ya fitar a 2008 domin bayanan harshen Python. Daga rubutu guda tana samar da shafin intanet da PDF da EPUB.

Ɗalibi na iya fassara jagorar wata manhaja zuwa Hausa, tare da ƙamus na kalmomin fasaha. Wani ya gwada yadda akwatin bincike ke karɓar ƙ da ɗ da ɓ, domin wanda ya rubuta "kasa" a waya sau da yawa "ƙasa" yake nema. Wani kuma ya harhaɗa jagora marar nauyi da za a karanta ba tare da data ba.

Ribar a bayyane take. Duk gyaran da aka karɓa yana nan da sunan mai shi, shaida ce da mai ɗaukar ma'aikata zai duba da idonsa. Shirin Google Summer of Code, da aka fara a 2005, yana ma biyan waɗanda ya zaɓa.

Saura malamai su amince da irin wannan aiki, su ba shi maki.